Wane Ne Maƙwabcin Maƙeri?

Shekaru kaɗan da suka wuce muka sāke ginin ɗakin sujadarmu. Tsohon ginin na laka ne, yana kuma cikin kwari, kowace damina ruwa yakan shiga har ƙarƙashin bencuna. Saboda haka da muka samu kuɗin siminti, kwamitin gini ya ce a ɗaga daɓen sosai. Ni ne marubucin kwamitin, ni ne kuma na tsaya wurin magini ranar da yake yin matakalar ƙofa. Ya tambaye ni, hawa nawa za a yi, uku ko biyar? Na dubi buhunan simintin da suka rage, na ce uku sun isa. Da aka gama na hau na sauka sau biyu, ban ji kome ba. Mu shida ne a kwamitin, dukanmu maza, ba wanda ya kai shekara hamsin.

Bayan wata biyu na lura wata tsohuwa, ɗaya daga cikin waɗanda aka fara yi wa baftisma a garinmu, ta daina shiga ciki. Takan zo da 'yar tabarmarta, ta zauna a gindin taga daga waje. Na je na gaishe ta, na ce, "Inna, ga wuri a ciki, me ya sa kike zama cikin rana?" Ta ce, "Malam, ɗakin naku ya yi kyau, gwiwata ce ba ta iya hawansa. Kada ka damu, ina ji daga nan." Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma kai ƙara wurin kowa ba. Wannan ya fi damuna, gama da ban tambaye ta ba, da har yau ban san na kore ta daga ɗakin da ta riga ni shiga ba.

Ban yi nufin mugunta ba, ban ma tuna da ita ba sa'ad da nake ƙirga siminti. To, ina da laifi ko ba ni da shi? Wanda ya yi abu domin mutane su yi amfani da shi, me mutumin da bai gani ba yake binsa? A kan wannan tambaya nake so mu yi tunani tare, ya 'yan'uwa. Zan kuwa kai ku nesa da gida kafin mu komo, wurin waɗansu mutane da wannan tambaya ita ce sana'arsu ta kowace rana.

A ƙasashen masu masana'antu akwai gidajen aiki da ake kira gidajen tsara kaya. Ba su ne suke ƙera kayan da ake sayarwa ba, wannan aikin masana'anta ne. Su dai suke yanke yadda abu zai kasance tun ba a yi shi ba: kaurin mariƙin buta, tsayin kujera, nauyin murfin tukunya, wurin da za a sa maɓallin rediyo. A wurinmu maƙeri shi ne mai tunani, shi ne kuma mai bugun ƙarfe. Su kuwa sun raba aikin biyu. Kamfani yakan zo musu da bukatarsa, su zana, su gwada, su miƙa masa zane na ƙarshe, sa'an nan injuna su fitar da abin dubu dubbai. Wayar da take aljihunka da kujerar roba da kake zaune a kai, wani ya zauna ya yi ta gardama da abokan aikinsa a kan siffarsu kafin su iso gare ka.

Wani ɗan ƙanena mai karatun injiniya ya nuna mini wani tsohon shirin talabijin a kan ɗaya daga cikin gidajen nan, mai suna IDEO, wanda aka kafa a 1991 a garin Palo Alto na jihar Kaliforniya a Amurka. A 1999 gidan talabijin na ABC ya ba su aiki don a ga yadda suke yi: su sāke tsara amalanken da masu sayayya suke turawa cikin manyan kantuna, cikin kwana biyar. Abin da na fara gani ya ba ni dariya. Manyan mutane masu digiri, wurin aikinsu kamar ɗakin wasan yara. Kekunan ma'aikata a rataye da igiya daga rufi, bango cike da zane-zane da ƙananan takardu masu launi, tebur cike da kwali da gam da waya. Suna da wata ma'ajiya mai aljihuna da yawa inda suke tara abubuwan da suka ba su sha'awa, guntun ƙarfe, wani irin yadi, wani makulli mai dabara, ko wata rana za su yi amfani. Waɗanda aka tara domin aikin kuma ba injiniyoyi kaɗai ba ne, har da masanin harshe da masanin halayyar ɗan adam.

Da na ci gaba da kallo sai dariya ta tsaya. Ba su fara da zane ba. Sun fita suka shiga kantuna, suka tsaya suna kallon yadda uwa take fama da yaro da amalanke tare, suka tambayi ma'aikatan kanti da masu gyaran amalanken abin da yake damunsu. Da suka dawo, kowa ya faɗi abin da ya gani. Suna da doka cewa sa'ad da ake kawo shawarwari ba a kushe ta kowa, kome wautarta, kuma maganar shugaba ba ta fi ta ƙaramin ma'aikaci don shi shugaba ne. Daga nan suka rabu ƙungiya ƙungiya, kowace ta haɗa samfurinta da hannu, aka gwada, aka ɗauki abin da ya yi kyau, aka watsar da saura. A rana ta biyar suka fito da amalanke mai ɗauke da ƙananan kwanduna da ake cirewa, da wurin zaman yaro mai tsaro, da ƙafafun da suke iya tafiya gefe.

Haka rayuwar waɗannan gidaje take yau da gobe. Yawancin ranakunsu suna ƙarewa ne wajen kallon mutane, da sassaƙa samfuri da soso ko itace, da zubar da abin da aka yi jiya. A yau suna da na'urar da take fitar da siffar abu daga zanen kwamfuta cikin 'yan sa'o'i, amma har yanzu sai an sa abin a hannun mutum kafin a yarda da shi. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. A gidan nan ne aka tsara wa kamfanin Oral-B buroshin haƙori na yara. A dā ana ɗauka cewa ƙaramin hannu ƙaramin mariƙi yake bukata. Da suka tsaya suka kalli yara suna goge haƙora, suka ga yaro ba ya riƙewa da yatsu kamar babba, da dukan tafin hannu yake damƙewa. Sai suka yi mariƙin ya zama mai kauri da taushi. Iyaye sun daɗe suna ganin 'ya'yansu suna goge baki, amma ba wanda ya duba.

Wani zai ce, ashe wannan ba ɓata rai ba ne, mutum mai ilimi ya ƙare kwanakinsa a kan mariƙin buroshi, ga yunwa da yaƙi a duniya? Ni ma na yi wannan tunani. Abin da ya sāke mini ra'ayi shi ne matakalar nan tawa. Bambancin hawa uku da hawa biyar bai wuce faɗin tafin hannu a kowane hawa ba, duk da haka shi ya raba wanda zai shiga da wanda zai zauna waje. Maƙerin ƙauye in ya yi kuskure a fartanya, manomi ɗaya ne zai sha wuya, gobe kuma zai komo ya faɗa masa a fuska. Mai tsara kaya in ya yi kuskure, injin zai maimaita kuskuren sau miliyan, waɗanda za su sha wuyar kuwa ba su san sunansa ba, ba su san ƙofar da za su buga ba. Yawancinsu ma kansu za su zarga. Tsoho zai ce hannunsa ne ya mutu, ba zai ce murfin kwalbar magani ne aka yi shi ba daidai ba.

Akwai wata mace da ta ɗauki wannan al'amari da nauyi fiye da kowa da na taɓa ji. Sunanta Patricia Moore. A shekarun 1970 tana aiki a birnin New York a gidan Raymond Loewy, mashahurin mai tsara kaya wanda gidansa ya zana tambarin kamfanin mai na Shell. Ta ba da labari cewa wata rana ana shawara a kan firji, sai ta tambaya ko za a iya yin ƙofar yadda mai ciwon gaɓoɓi zai buɗe ba wahala. Wani babba a wurin ya ba ta amsa cewa ba don irin waɗannan mutane suke tsara kaya ba. Maganar ta tsaya mata a rai, gama ta tashi tare da kakanninta, ta kuwa ga yadda kayan gida suke gagararsu.

A 1979, tana da shekara 26, ta nemi taimakon wata gwanar kwalliyar 'yan wasan talabijin, aka mai da ita tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu. Ba fuska kaɗai aka sāke ba. Ta toshe kunnuwanta don jinta ya ragu, ta sa tabarau mai hazo, ta ɗaure yatsunta don kada su lanƙwasu da sauƙi, ta ɗaure ƙafafunta don tafiya ta yi mata wuya. Cikin wajen shekara uku, zuwa 1982, ta shiga birane fiye da 100 a Amurka da Kanada cikin wannan kama. Ta hau motocin haya masu dogon taki, ta yi fama da ƙofofi masu nauyi da rubutun da ba ya karantuwa, ta ga yadda mai kanti da ya yi mata fara'a tana budurwa yake ɗaure fuska in ta zo tana tsohuwa. Wata rana a New York waɗansu samari suka tare ta, suka yi mata dūka suna tsammani tsohuwa ce marar ƙarfi, suka ji mata raunin da bai rabu da ita ba. Bayan wannan duka ta ba da rayuwarta ga tsara kaya da wurare domin tsofaffi da naƙasassu.

Ku lura da kalmar da babban nan ya yi amfani da ita, wato irin waɗannan mutane. Bai ƙi tsofaffi ba, mai yiwuwa yana da uwa tsohuwa da yake ƙauna. A tunaninsa dai akwai mutum na sosai, mai ƙarfi, mai ido, mai yatsu goma masu lafiya, wanda ake yi wa kaya, sa'an nan akwai saura. Mutumin nan na sosai kuwa, in ka duba da kyau, kamarsa ɗaya da waɗanda suke zaune a teburin shawara. Haka ni ma na auna matakala da gwiwata. Kowane mai yin abu yana da wani mutum a cikin kansa wanda yake aunawa da shi, in kuwa bai yi hankali ba, mutumin nan shi ne kansa. Ga kuma abin da muke mantawa: ba wanda yake zama mutum na sosai dukan kwanakinsa. Mun fara da rarrafe, mace takan yi ciki, ƙaƙƙarfa yakan karye, wanda Allah ya ja kwanansa kuma zai tsufa.

Ana iya tsammani cewa in an yi abu domin raunana, masu ƙarfi za su yi hasara. Labarin wata wuƙar fere ya nuna akasin haka. Wani ɗan kasuwar Amurka mai suna Sam Farber, wanda ya riga ya huta daga sana'ar kayan girki, ya ga matarsa tana wahala wajen fere 'ya'yan itace saboda ciwon gaɓoɓin hannu. Wuƙar fere ta lokacin siririn ƙarfe ce mai cin hannu. Ya tafi wani gidan tsara kaya a New York mai suna Smart Design, suka zauna da masu ciwon gaɓoɓi da masu dafa abinci, suka sassaƙa mariƙai iri iri suna gwadawa. Patricia Moore ma tana cikin waɗanda aka nemi shawararsu. A ƙarshe suka tsaya a kan mariƙi mai kauri na baƙar roba mai taushi, wanda ba ya zamewa ko hannu da ruwa, mai 'yan tsage-tsage a inda babban yatsa yake dannawa. A 1990 aka fitar da ita da sunan OXO. Ta fi sauran wuƙaƙen tsada, duk da haka jama'a suka yi ta saye, yawancin masu sayen kuwa lafiyarsu lau. Abin da ya sauƙaƙa wa hannu mai ciwo ya yi wa kowane hannu daɗi. Muna ganin irin wannan a gida: gangaren da aka yi domin keken gurgu a ƙofar asibiti, shi mai tura amalanke da mace mai goyo suke bi.

Amma kada in sa ku ɗauka cewa gidajen nan gidajen tsarkaka ne. Kasuwanci suke yi, wanda ya biya su kuma shi yake faɗin abin da yake so. Gwanintar da take sauƙaƙa wa mutum rayuwa, ita ce kuma take iya cutarsa a ɓoye. A watan Disamba na 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki na duniya, cikinsu har da Osram na Jamus da Philips na Holan, suka taru a birnin Janiba suka ƙulla yarjejeniyar da aka sani da sunan Phoebus. Ɗaya daga cikin abin da suka shirya shi ne kada ƙwai ya wuce sa'a 1,000 yana ci, alhali kafin nan akwai masu kai sa'a 1,500 zuwa 2,000. Ana aika samfuri zuwa ɗakin gwaji, kamfanin da ƙwansa ya daɗe fiye da ƙa'ida a ci shi tara. Masu kāre su sun ce ƙwan da yake ci da zafi ya fi haske, ko da yake yakan mutu da wuri, akwai kuwa gaskiya a ciki. Amma mai saye ba a tambaye shi wanne ya fi so ba, tarar kuma ta nuna inda zuciyarsu take. Ku yi tunanin injiniyoyin da aka ba wannan aiki. Sun zo aiki da safe, sun yi gwaji da haƙuri, sun rubuta sakamako da kyau, kamar dai masu wuƙar fere. Ƙwazonsu ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne, waɗancan suna kallon mai amfani da kaya don su taimake shi, waɗannan kuwa don su san iyakar abin da zai jure bai gane ba.

Wannan jaraba ba ta mutu ba. Duk wanda ya taɓa kai waya wurin mai gyara aka ce masa an manne batirin yadda ba ya ciruwa da sauƙi, ko ya ga yaronsa ya kasa ajiye waya har tsakar dare saboda an tsara abin da yake kallo don kada ya ƙare, ya san cewa wani ya yi nazarin rauninsa sosai. Saboda haka sanin mutum kaɗai bai isa ba. Mai kamun kifi ma ya san abin da kifi yake so.

Akwai kuma haɗari na biyu, wanda ya fi kusa da mu masu aikin taimako, wato tausayi marar tambaya. A Afirka ta Kudu aka fito da wani famfo mai suna PlayPump. Lilo ne mai juyawa na wasan yara, an haɗa shi da rijiyar burtsatse, yara suna wasa ruwa yana hawa tanki. Wa zai ji wannan bai yi murna ba? A 2006 gwamnatin Amurka da waɗansu masu ba da taimako suka yi alkawarin dala miliyan 16.4, aka kuma sa burin kafa famfo 4,000 domin mutum miliyan 10 kafin ƙarshen 2010. Amma lilon wasa na sosai in ka tura shi yakan yi ta juyawa da kansa, wannan kuwa ƙarfin yana tafiya wajen ɗaga ruwa, sai an yi ta turawa. Yara sukan gaji, sukan tafi makaranta, ruwa kuwa da sassafe ake bukatarsa. A 2009 wata jaridar Ingila ta yi lissafi cewa kafin a cika burin nan sai yara sun yi wasa sa'a 27 a rana. A waɗansu ƙauyukan Mozambik an cire famfon hannu da mata suka saba da shi aka sa wannan, sai ga mata, har da tsofaffi, suna zagaya lilon yara don su samu ruwan sha, in ya lalace kuma gyaransa ya fi ƙarfin mutanen gari. Waɗanda suka ba da kuɗin sun yi da zuciya ɗaya. Sun ƙaunaci hoton yara masu dariya, amma matan da suke ɗiban ruwa ba su samu wurin zama a teburin shawara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ko Patricia Moore, da dukan abin da ta sha, in dare ya yi takan cire tsufanta ta ajiye. Ita kanta ta san haka, shi ya sa ta yi abota da tsofaffi na gaske tana sauraronsu. Shiga halin wani yana buɗe ido, amma ba ya ɗauke maka wajibin tambayarsa.

Yanzu bari mu komo ga tambayarmu. Ina da laifi a kan matakalar nan? Na daɗe ina kāre kaina da cewa ban yi niyya ba. Amma Shari'ar Musa ba ta bar mini wannan mafaka ba. A Maimaitawar Shari'a sura 22 an umarci mai gina sabon gida ya ja ɗan bango kewaye da rufin soronsa, don kada wani ya fāɗo alhakin jininsa ya hau gidan. Ba wanda yake gina soro da nufin kashe baƙo. Mai gidan ma ya san bakin rufinsa, ba zai fāɗi ba. An ba da dokar domin wanda bai zo ba tukuna, yaron maƙwabci, ko baƙon da zai hau da dare bayan shekara goma. Wato rashin tunawa da shi, shi ne laifin. Littafin Firistoci sura 19 kuma ya hana sa abin tuntuɓe a gaban makaho. Makahon ba zai taɓa sanin wanda ya sa ba, saboda haka aka haɗa dokar da tsoron Allah, wanda yake gani. Na gane cewa ana iya sa abin tuntuɓe da siminti, da kyakkyawar niyya, a ƙofar ɗakin sujada.

Sa'ad da masanin Attaura ya tambayi Ubangijinmu ko wane ne maƙwabcinsa, a Luka sura 10, yana neman a ja masa iyaka ne, ya san waɗanda ba nasa ba. Amsar da ya samu ta juya tambayar, ta zama wa ya yi halin maƙwabci ga wanda ya fāɗi a hanya. Firist da Balawe ba su dūki kowa ba, wucewa kawai suka yi. Maƙwabcin maƙeri shi ne duk wanda abin da ya ƙera zai shiga hannunsa, ko yana wata ƙasa, ko ba a haife shi ba tukuna, tun ba wanda ƙarfinsa ya fi ƙanƙanta ba. Aikin hannu kuwa ba ƙaramin abu ba ne a gaban Allah, gama a Fitowa sura 31 mun ga Bezalel, wanda aka cika da Ruhu domin aikin ƙarfe da dutse da itace.

Kaɗan ne daga cikinmu za su taɓa shiga gidan tsara kaya, amma kusan dukanmu muna yanke wa waɗansu yadda abu zai kasance. Kafinta yana yanke tsayin bencin makaranta. Tela yana yanke ko tsohuwa za ta iya sa rigarta ba mataimaki. Mai walda yana yanke ko bakin ƙofar da ya yi zai yanki hannun yaro. Mai gina masai yana yanke ko makaho zai iya shiga lafiya. Mu ma masu aikin ikkilisiya muna yanke lokacin taro, da girman rubutun takardar waƙa, da harshen da za a yi sanarwa. Daga masu tsara kaya na koyi abu uku da ba sa bukatar kuɗi. Kafin ka yi abu, je ka kalli yadda mutane suke fama da wanda yake akwai. Ka kira wanda ya fi rauni ya gwada tun abin yana iya sākuwa. In ya ce bai yi ba, ka yarda da shi, kada ka koya masa yadda zai saba da kuskurenka.

Mun yi kusan shekara kafin mu tara kuɗin gyaran ƙofar nan. Ni na riga na yanke a raina cewa gangare za a yi, har na faɗa wa magini. Amma wannan karo na ce a dakata, muka tara ƙasa muka yi siffar gangaren, muka kira Inna da wani ɗan'uwa mai keken guragu. Ɗan'uwan ya gwada ya ce ya yi tsayi da yawa, sai an ja shi ya yi nisa, in ba haka ba keken zai komo da shi baya. Inna kuwa ta dubi gangaren ta girgiza kai. Ta ce, "Malam, wannan ya fi ba ni tsoro. In an yi ruwa santsi zai kwashe ni. Ku yi mini hawa gajeru, ku sa ƙarfen da zan riƙe." Da ban tambaya ba, da na sāke kashe kuɗin jama'a na bar ta a gindin taga, ina kuma jin na yi aikin kirki.

Muka yi duka biyu, gangare mai tsawo a gefe ɗaya, hawa shida gajeru da ƙarfen riƙewa a ɗaya gefen. Ran Lahadin da aka buɗe na tsaya a ƙofa ina kallo. Inna ta hau a hankali tana riƙe da ƙarfen, ta wuce wurin zamanta na dā. Na kuma lura mata masu goyo da yara ƙanana duk ta wajen ƙarfen suke bi, har da biyu daga cikin 'yan kwamitinmu.